Horar da Manajoji Don Kare Mutuncin Ma'aikata



Ma'aikaci yakan bar gida da sassafe don neman halaliyarsa, yana fatan ya komo da mutuncinsa. Amma akan sami babba a ofis ko masana'anta yana matsa wa wata da ke ƙarƙashinsa da neman lalata, yana tsorata ta da kora ko hana ƙarin girma in ta ƙi. Akwai kuma zagi a bainar jama'a, da tsangwama saboda ƙabila ko addini. Duk waɗannan cin zarafi ne.

Doka ta yi tanadi a kan wannan. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a kiyaye mutuncinsa. Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki, har a 2013 kotun ta zauna a Legas ta ɗora wa wani kamfani biyan diyya saboda laifin manajansa. A 2022 kuma Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi a wurin aiki.

Ashe ke nan, ma'aikatar da ta kau da kai ita ma tana iya ɗaukar laifi. Shi ya sa ya wajaba a horar da manajoji, domin wurinsu ake fara kai kuka.

Da farko, a koya wa manaja gane alamu: ma'aikaciya mai ƙwazo ta soma fashin aiki, ko ta nemi canjin wuri ba da wani dalili ba. Na biyu, in an kawo ƙara ya saurara a asirce, ya rubuta rana da wuri da shaidu, ya miƙa ga hukuma ba da jinkiri ba. Kada ya ce a yi haƙuri a rufe magana. Na uku, ya ji ta bakin wanda ake tuhuma, ya kuma tabbata ba a huce haushi a kan mai ƙara ba. In kuwa manajan ne da kansa ake zargi, lalle ma'aikata su san wani jami'i dabam da za su tunkara.

Rigakafi ya fi magani. Ana kira ga shugabannin ma'aikatu da kamfanoni su rubuta waɗannan ƙa'idoji cikin harshen da ma'aikata ke ji, su kafa su a allon sanarwa inda masinja da lebura za su gani.