Katifar amarya: nauyi ake saye, ba yadi ba

 

Kaka ta yi, aure ya taso, wasiƙa na ta zuwa daga gida: a aiko da katifa. Dauri iyayenmu da audugar rimi suke cika katifa, in ta kwanta a farke a shanya a sake ɗinkewa. Yau ba uwar da za ta yarda a kai ɗiyarta ɗaki ba katifar soso, ko da bashi ne. Tunda dole mu saya, bari mu san abin da muke saye.

Soso ba shuka ba ne. Da sinadarin man fetur ake yin shi, sinadarin kuwa daga ƙetare yake zuwa, ko an dafa soson a Yamai, ko a Najeriya inda su Vitafoam da Mouka suke. Shi ya sa duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka sai ya taɓa katifa. Dattawa sun tuna Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi. Mu duka mun ga rufe iyakar Najeriya a 2019, mun kuma ga ta 2023.

To, mai yi yana da hanya guda ta rage tsada: ya rage sinadari, ya ƙara iska. Nan fa wurin yake, ku saurara. Mu ɗauki katifa mai plas biyu: tsawo santimita 190, faɗi 140, kauri 15. In soson mai lamba 18 ne, nauyinta wajen kilo 7. In mai lamba 30 ne, kilo 12. Girma ɗaya, kauri ɗaya, yadi mai fure iri ɗaya, amma kilo 5 na tsakani. Ta farkon ita ce ke yin rami a tsakiya, mai gida ya tashi da ciwon baya ya ce sammu ne.

Kada mu zagi ɗan kasuwa. Katifa cin wuri gare ta. Kaɗan ke cika mota, kaɗan ke cika rumfa, ga kuɗin haya, ga duwan, kuma ba kullum ake saye ba kamar gishiri. Ga tsoron gobara: Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa a 2012, soso kuwa wuta ba ta yi mashi sallama. Dole ya fara da kuɗi mai yawa, ya jira tayi.

In kun je Katako ko Wadata, ku ɗaga katifar da hannu, ku ɗaga ta kusa da ita. Ku tambayi lambar soso. Ku danna da gwiwa: mai kyau nan take take komawa. Wannan dannawa wajibi ce, don wasu na zuba garin alli a cikin soso shi yi nauyi. Ku auna gadon kafin ku fita gida.

Abin da ofishin ƙungiya ya kawo shawara shi ne a haɗa saye. Mai sayen goma ba ya taya irin na mai sayen ɗaya, kuma mota guda ta kai su gida. Wanda ke da aure bana ya ba ma'aji sunansa da awon gadon bayan an shafa fatiha.