Kwamfuta da Warware Lissafin Gaurayayyun Lambobi



Maganar yau ta shafi wani kuskure da ya yawaita tsakanin mai lissafi da kwamfutarsa, watau ya yi mata guntuwar tambaya, sa'an nan ya sa ran samun cikakkiyar amsa.

Da farko ya kamata a san abin da ake kira gaurayayyar lamba. Babu wata lambar zahiri da za a ninka ta da kanta ta ba da −1. Saboda haka masana suka ƙago wata lamba mai wannan hali. Bombelli, mutumin Italiya, ya tsara ƙa'idodinta a 1572, Euler kuma ya sa mata alamar i a 1777. Gaurayayyar lamba ita ce wadda ta haɗa ɓangarori biyu, a + bi. A 1806 Argand ya nuna ana iya zana ta kamar ɗigo a kan takarda, girmanta kuwa, wanda ake rubutawa |z|, shi ne nisan ɗigon daga cibiya, watau √(a² + b²). Alal misali, girman 3 + 4i shi ne 5. Tun 1893, da Steinmetz ya bayyana amfanin waɗannan lambobi, injiniyoyin lantarki ke auna turjiyar da'irar wuta da su, watau Z = R + iX.

Manhajojin aljabara suna sarrafa haruffa kamar yadda suke sarrafa alƙaluma. An fara Macsyma a jami'ar MIT ta Amurka a 1968, daga cikinta Maxima ta fito. Mathematica ta bayyana a 1988, daga baya SymPy ta biyo. Duk da ƙwarewarsu, wurare uku ne ake yawan tuntuɓe.

Na ɗaya, ɗalibi ya rubuta |z| = 5, yana jiran 5 da −5. Amma 3 + 4i amsa ce, 4 − 3i amsa ce, haka kuma kowane ɗigo da ke kan zoben da nisansa daga cibiya 5 ne. Amsoshin ba su ƙirguwa. Shi ya sa umarnin solve na SymPy ke ƙin taɓa irin wannan tambaya har sai an shaida masa cewa harafin lambar zahiri ce.

Na biyu, manhajojin ba zato ɗaya suke yi ba. Maxima takan ɗauki harafi a matsayin lambar zahiri, Mathematica kuwa takan ɗauke shi gaurayayye. Don haka Mathematica ba za ta mai da |R + iX| zuwa √(R² + X²) ba sai an yi amfani da umarni irin ComplexExpand. Tana da hujja. In R = 3, X kuma ya zama i, to R + iX = 2, alhali ƙa'idar za ta ba da √8. In kuwa an faɗa mata duka biyun na zahiri ne, R = 3, |Z| = 5, nan take X zai fito 4 ko −4.

Na uku, wanda ya gaji da jira yakan ninka kowane gefe da kansa don ya kawar da alamar girma. A ɗauki |x| = x − 2. Ninkin zai ba da x = 1, amma in aka mayar da shi cikin tambayar asali, gefen hagu 1 ne, na dama −1. Amsar ƙarya ce, tambayar ba ta da amsa ko ɗaya. In a takardar jarrabawa ne, maki aka rasa. In a tsarin na'urar rarraba wuta ne, hasarar dukiya ce, wani lokaci har da rai.

Maganin abin dai guda uku ne. A bayyana wa kwamfuta halin kowane harafi tun farko, a raba ɓangaren zahiri da na i a warware su daban-daban, sa'an nan a mayar da kowace amsa cikin tambayar asali a gwada. Kwamfuta tamkar akawu ne mai tsananin biyayya: abin da aka rubuta masa shi yake aikatawa, ba abin da ke zuciyar maigidansa ba.