Lalle a Bakin Gona: Jarin da Ba Ya Cin Fili

 

Ni mutuniyar nan Ungogo ce, kuma kun san halin da muke ciki. Gari yana ta matso mu, daga Bachirawa har Rijiyar Zaki gonaki sun zama gidaje. Ɗan abin da ya rage maigida ya sa gero da dawa. To, ina mace za ta shuka nata?

Shekarar da na shiga adashin gata, bazara ta yi mini tsanani. Mako uku a jere ban yi zubi ba, har na fara jin kunyar zuwa taro. Uwar mijina ce ta nuna mini tsofaffin itatuwan lalle da ke bayan danga, ta ce, "Ke 'yar nan, kina zaune kan kuɗi kina kuka." Na tsige ganyen, na shanya, na daka, na sayar wa masu ƙunshi. Da shi na biya zubin da ake bi na.

Lalle ƙaramin itace ne mai rassa da yawa. In an ƙyale shi yakan wuce tsawon mutum, kuma in ya tsufa yakan yi 'yar ƙaya. Ganyensa ƙanana ne, biyu-biyu suna kallon juna. Furensa fari ne mai ƙamshi, 'ya'yansa kuwa ƙulu-ƙulu cike da iri. Masana na kiran sa Lawsonia inermis. Jan da muke nema a ganye yake, yana kama fata da farce da gashi. Yana son zafi, yana jure fari, kuma shuka ɗaya sai ta yi shekaru ana mora. A ƙasar Indiya, garin Sojat ya yi suna a duniya da noman lalle, alhali ƙasarsu busasshiya ce kamar tamu.

Ga yadda nake yi. Idan damina ta zauna, wajen watan Yuli, sai in yanko reshe mai kaurin yatsa, tsawon kamu ɗaya. In binne rabinsa a bakin gona ko jikin danga, in bar taku ɗaya tsakani, in zuba ɗan takin gida. Mai son shuka iri sai ta jiƙa shi kwanaki tukuna, don ɓawonsa da tauri. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Shekarar farko a bar shi ya kafu. Bayan nan a riƙa yanka da kaka, a bar gindi ya sake toho.

Wurin shanya ake yin asara. A inuwa za a shanya, kan tabarma, ba a rana ba. Ganyen da ya bushe yana kore shi ke kamu, shi mai saye ke nema. A daka, a tankaɗe, a ɗaure a leda nesa da laima. Kada a haɗa da ƙasa ko wani ganye, don mai ƙunshi in ta gane sau ɗaya ba ta dawowa. A adana har gab da Sallah ko lokacin bukukuwa, sannan a fitar.

Abu uku ku riƙe. Kada a shafa wa jariri lalle, akwai jariran da yake lalata wa jini. Mai ciki kada ta sha saiwarsa. Baƙin lallen kanti kuwa sau da yawa sinadarin rini ne, yana iya ƙona fata.

Kafin ki dasa, ki shawarci maigida, a kuma kira maƙwabcin gona ya ga iyaka, don kada abin arziki ya zama rigima.

Ina da rassa a gida. Duk mai so ta faɗa wa magatakarda yau, damina na sauka mu raba. Allah Ya sa albarka a neman da muke yi.