Mai Sa Faifai da Masu Suna: Nazari a kan Fim ɗin Rodney Bingenheimer



Fim ɗin da za a tattauna a kansa a yau sunansa Mayor of the Sunset Strip, watau magajin garin wani yanki na titin Sunset a Los Angeles ta ƙasar Amurka. George Hickenlooper ne ya shirya shi, aka fara nuna shi cikin 2003. Fim ne na tarihin rayuwa, ba wasan kwaikwayo ba, kuma wanda aka yi shi a kansa, Rodney Bingenheimer, ba mawaƙi ba ne, ba makaɗi ba. Sana'arsa sa faifai a gidan rediyo.

Ya zo Los Angeles yana matashi cikin shekarun 1960, ya sami aikin tsayawa a madadin Davy Jones na ƙungiyar Monkees wajen ɗaukar hoto, saboda sun yi kama. Daga baya ya buɗe gidan rawa inda ake jin sababbin faya-fayan Ingila. Cikin 1976 gidan rediyon KROQ ya ba shi shiri nasa na kansa.

A nan ne muhimmancinsa yake. A wancan zamani matashin makaɗi ba shi da wata hanya ta isa kunnen jama'a sai rediyo, manyan gidajen rediyo kuwa ba sa sa faifan wanda bai riga ya yi suna ba. Bingenheimer ya saɓa wa wannan al'ada. Yakan sa abin da kunnensa ya yarda da shi, ko da kamfani bai san mai shi ba. Ta haka mutanen Kalifoniya da yawa suka fara jin Ramones da Blondie da Sex Pistols. Abin mamaki shi ne ba shi da muryar rediyo ko kaɗan. Magana yake a hankali, cikin kunya, kamar wanda aka tilasta wa.

To, amma Hickenlooper bai tsaya ga yabo ba, kuma nan ne fim ɗin ya yi ƙarfi. Ga David Bowie da Cher da Brian Wilson suna shaidar alherinsa, sa'an nan sai na'urar ɗaukar hoto ta bi shi zuwa ɗan ƙaramin gidan da yake zaune, bango cike da hotunansa tare da mashahurai. Waɗanda ya ɗaga sun yi arziki, shi kuwa gidan rediyon ya tura shirinsa zuwa tsakar daren Lahadi, lokacin da gari ya yi barci. Wurin da ya fi sosa zuciya shi ne inda ya kai tokar gawar mahaifiyarsa Ingila ya watsa a teku.

Duk da haka, lalle mai nazari ya yi hattara, domin mai shirya fim zaɓe yake yi. Fim ɗin ya gifta ta kan maganar 'yan mata ƙanana da ke zuwa gidan rawar nan ba tare da ya tsananta bincike ba. Cikin 2023 wata marubuciyar waƙoƙi ta kai Bingenheimer ƙara kotu bisa zargin ya ci zarafinta tana yarinya. Zargi ne, amma wanda ya ji shi ba zai sake kallon waɗannan hotuna na bango da ido ɗaya da na dā ba.

Hickenlooper ya rasu cikin 2010. KROQ kuwa ya soke shirin cikin 2017, bayan shekara 41.