Mai Zane Da Aikin Hannunsa: Labarin Turner Na Ingila



Maƙeri yakan ƙera fartanya ya sayar, ya kwana lafiya, domin gobe zai ƙera irinta. Mai zanen fenti kuwa ba haka yake ba, don kowane zane nasa tilo ne, in ya fita daga hannunsa ya fita ke nan. Wannan lacca za ta duba yadda wannan al'amari ya dami wani shahararren mai zane na ƙasar Ingila, watau Joseph Mallord William Turner, ɗan wanzami, wanda aka haifa a Landan cikin 1775, ya mutu cikin 1851.

Turner mutum ne mai son kuɗi, ya kuma iya ciniki, har ya tara dukiya mai yawa da sana'arsa. Amma duk da haka, an ruwaito cewa yakan kira zane-zanensa 'ya'yansa, in ya sayar da ɗaya sai a gan shi cikin damuwa. Hausawa dai sun ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa.

Alal misali, akwai zanensa na fitowar rana cikin hazo, wanda ya nuna wa jama'a cikin 1807. Ya ajiye shi shekaru, sa'an nan ya sayar wa wani attajiri, Sir John Leicester. Da mutumin ya mutu cikin 1827 aka yi gwanjon kayansa, sai ga Turner da kansa a wurin, ya fanshi abinsa da kuɗin da ya ɗara wanda aka biya shi. Zanen Sarauniya Dido tana gina birnin Carthage, na 1815, da na tsohon jirgin yaƙin nan Temeraire ana jan sa zuwa inda za a farfasa shi, na 1839, waɗannan kam ya ƙi sayarwa ɗungum, ko da yake an taya su.

To, me ya sa haka? Ƙauna tana ciki, amma abin da ya fi damunsa shi ne iko. Wanda ya sayi zane shi ke da ikon inda za a rataye shi da wanda zai gan shi. Turner kuwa so yake a ga aikinsa a haɗe, a auna shi da na magabata. Riƙon ma ba magani ba ne, domin a gidansa na titin Queen Anne rufin yana yoyo, danshi da ƙura suka riƙa ɓata zane-zanen da ya hana wa masu saye.

Mafitar da ya nema ita ce wasiyya. Ya bar wa al'ummar Ingila zane-zanensa bisa sharuɗɗa: a rataye na Dido da na fitowar rana kusa da na Claude Lorrain, Bafaranshen da ya ɗauka gwani, a kuma tanadi ɗaki na musamman don sauran. Dukiyarsa kuma a gina gidan jinƙai da ita don masu zanen da talauci ya kama. Danginsa suka kai ƙara. Cikin 1856 kotu ta ba su kuɗin, ta ba ƙasa zanen fenti wajen 300 da ƙananan zane-zane na takarda dubbai. Gidan jinƙai bai tabbata ba. An cika sharaɗin Claude, amma gini na musamman mai ɗauke da ayyukansa sai cikin 1987 aka buɗe shi a gidan nuni na Tate, shekara 136 bayan mutuwarsa. Cikin 2020 kuma aka buga hoton jirgin nan da ya ƙi sayarwa a jikin takardar kuɗi ta fam 20.

Ma'aikatan hukuma, waɗanda irin wannan amana kan faɗa hannunsu, ya kamata su lura cewa mai fasahar da ya ba da aikinsa kyauta ya riga ya yafe kuɗi, abin da kawai ya nema a madadinsu shi ne a cika masa sharaɗinsa.