Mashin ɗin da zai mutu maka bayan la'asar: rubutaccen shirinmu na wannan mako

Mutanen Sheme, Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa, da masu bin mu daga Funtuwa da sauran wurare, ina gaishe ku. Kamar kullum, ga rubutun shirin saboda waɗanda data ta yi wa ƙaranci ko sabis ke yi wa wasa.

Na san wasu za su ce yau kuma Kwamared ya bar maganar makarantu da tsaro ya koma gareji. To ku ɗan yi haƙuri ku ji abin da ya same ni, sai ku yanke hukunci.

Da sanyin da ya wuce na je wani taro Funtuwa. An ce ƙarfe biyu za a tashi, amma kun san taronmu, sai da aka yi la'asar. Na ɗauko ƙanena muka kamo hanyar gida. Mun ɗan wuce Mairuwa sai mashin ya fara shaƙewa. In ja totur, ya yi kamar zai amsa, sai ya noƙe. Sau biyu yana haka, na uku ya mutu murus. Na leƙa tanki, akwai mai. Na yi ta buga kik har gumi ya keto mani cikin wannan sanyin. Shiru.

Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da ke zuwa ran mutum a irin wannan lokaci. Rana ta yi ja, motoci na wucewa a guje, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne ba lallai in tsaya ba. Ƙanena, mai surutu kamar rediyo, ya yi tsit yana kallon daji. Abin da ya fi damuna shi ne ni na ce wa mahaifiyarmu ta bar shi ya raka ni.

Allah ya kawo wani ɗan acaɓa, ba na ma jin ya kai shekaruna. Ya wuce mu, ya juyo. Ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce ya mutu ne kawai. Ya ce, "Kana da sifanar fulogi?" Na ce babu. Bai ƙara cewa komai ba. Ya buɗe ɗan akwatin gefen mashin ɗinsa, ya kwance fulogina ya nuna mani, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ɗaura wani da yake ajiye da shi cikin leda. Kik ɗaya mashin ya tashi. Ya ce, "Kuɗin fulogi kawai za ka ba ni, ku biyo bayana." Duka-duka bai yi minti biyar ba.

Washegari na kai wa bakanikenmu, dattijo ne, Baba muke ce masa. Ya buɗe iya kilina, wato wurin da ke tace iskar da injin ke shaƙa, ya zaro soson, ya koma kamar an ƙwaɓa shi da laka. Ya ce, "Kwamared, yaushe rabon da a wanke wannan?" Na ce, "Baba, ashe wanke shi ake?" Yaran gareji suka fashe da dariya. Ni da digirina. Shekara biyu ina hawa abu ban san yana numfashi ba.

To ga yadda abin yake. Injin mashin haɗin iska da fetur yake ƙonawa, kuma iskar ta fi yawa nesa ba kusa ba, a nauyi kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur. In ƙurar hunturu ta toshe soson nan, iska ta ragu, fetur ya yi yawa, ba ya ƙonewa duka. Ragowar sai ta zama baƙin hayaƙi ta lulluɓe bakin fulogi har ya kasa ba da wuta. Kafin a kai nan kuma mashin ya daɗe yana shan mai fiye da ƙima, kai kana ta zagin gidan mai. In naka na soso ne, a wanke da kananzir, a matse a hankali ba a murɗe ba, ya bushe, a ɗan shafa baƙin mai mai tsabta a sake matsewa. In na takarda ne, ba a wankewa, kaɗewa ake, in ya gaji a canza. A hanyoyinmu na ƙauye lokacin ƙura, ni dai yanzu duk sati biyu nake dubawa.

Shi kansa fulogi yana ba da labari in ka iya kallo. In bakinsa ruwan ƙasa ne, kalar shayi da madara, injinka lafiya lau. In baƙi ne busasshe, irin nawa, iska ce ba ta isa ko kafireto na zuba mai da yawa. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai na haurowa, ka fara tara kuɗin ringi. In fari ne fat, injin na zafi fiye da ƙima, kada ka yi doguwar tafiya sai an duba.

Me ya sa na ɗauki wannan da zafi haka? Mutumin Kano ko Kaduna in mashin ya mutu masa, ya makara ne kawai, ya tura zuwa gareji na gaba. Mu nan lissafin daban ne. Ku tuna ƙarshen watan Agusta na 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar nan ta daƙile matsalar tsaro. An rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa. An hana goyon mutum uku bisa mashin. An hana sayar da fetur a jarka, a ƙananan hukumominmu kuma aka ware gidajen mai biyu-biyu, kada a sayar wa mutum fiye da na naira 5,000. An hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Bayan haka aka katse layukan waya. Ku lura da yadda mashin da mansa suka cika dokar nan. Dalili kuwa kowa ya sani: abin da muke kai mai naƙuda asibiti da shi, da shi muke kai masara kasuwar Ɗandume, shi ne kuma mutanen daji ke hawa. Don haka mu masu hawa na halal nauyi biyu ne a kanmu: kada ya tsaya mana inda bai kamata ba, kada kuma a ɗauke mu abin da ba mu ba.

Mu zo kan baƙin mai, don nan ne muka fi cutar kanmu. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kowa ya shiga neman inda zai rage. Da yawanmu a juye muka rage. Sai ka ji mutum ya ce ai bai yi baƙi sosai ba, ya ƙara ɗan kofi a kai ya ci gaba. Ƙari ba juye ba ne. Tsohon man yana nan da ƙurarsa da garin ƙarfensa yana cin fistin. Su Boxer da makamantansu wajen lita ɗaya kawai suke ci, kuma wannan litar ita ke hidimar injin, da giya, da kuloc gaba ɗaya. Shi ya sa ma ba kowane man mota ya dace da mashin ba: wasu an sa masu sinadarin rage gogayya, sai kuloc ya riƙa zamewa, ka ja totur injin na ihu mashin ba ya gaba. Ka duba jikin galan, in ka ga 20W50 da alamar JASO MA, ka kama hanya. Ka sayi mai hatimi, a buɗe a gabanka. Wanda ake aunawa daga durom a kwalbar lemo, Allah kaɗai ya san tarihinsa. Ni dokata, ba ta kamfani ba, in na yi wajen kilomita 1,500 a ƙurar nan tamu sai na juye. Ɗan acaɓa mai wuni bisa hanya, shi ya san nasa ya fi haka sauri.

Fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa, ba zan ce kada a saya ba, don na san ƙauyen da in ba su ba babu mai. Amma ka ɗaga kwalbar ka kalli gindinta, ruwa ƙasa yake kwanciya. In ka riga ka sha mai ruwa mashin na tari, akwai ɗan sukuru a ƙasan kafireto, ka rufe makunnin mai, ka sassauta shi ya tsiyaye. Ka ce bakanikenka ya nuna maka wurin sau ɗaya. Kuma a daina yawo a rizab, saboda Allah. An yi shi ne don ranar da lissafi ya ƙwace, wasu kuma a nan suka tare.

Cen, wato sarƙa, kada ta yi sako-sako kada kuma ta ɗame. In ka taɓa tsakiyarta ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu. In haƙoran sufuroket sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, a canza su tare da cen ɗin gaba ɗaya, don sabuwar sarƙa bisa tsohon haƙori asarar kuɗi ce. Masu ɗora buhu biyu na masara, ku riƙa sa a ɗaure maku wayoyin ƙafar baya.

Taya kuma akwai wata dabara da ɗan acaɓar nan da ya cece mu ya koya mani daga baya, don mun zama abokai. A gefen taya yawanci akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1219, an yi ta a sati na 12 na 2019. Taya na iya zama ba a taɓa hawa ba amma ta tsufa a shago, robar ta bushe. Tiyub ɗin da ya sha faci huɗu ko biyar, ka yi masa ritaya.

Abin da ke cikin akwatina yanzu bai kai kuɗin cin abinci na kwana biyu ba in ka cire famfo: fulogi sabo, sifanarsa, filaya, sukundireba, mahaɗin cen guda ɗaya, da wayar kuloc da na naɗe. Da asuba kafin in fita nakan matsa tayoyi, in taka birki, in kunna fitila, in zaro gejin baƙin mai. Kuma na sa wa kaina doka, duk taron da ya kai la'asar a wani gari, a can zan kwana, ko wa zai ji haushi.

Takardu. Don Allah kada araha ta ja ka ka sayi mashin da babu rasit. Ka duba lambar injin da lambar bodi da idonka, su yi daidai da abin da ke rubuce, a yi ciniki gaban shaidu, in da hali da sanin mai unguwa. Mashin nawa aka ƙwace a hanyoyin nan? Wani wuri suke komawa, kuma wani ne ke saye. Ranar da aka tsayar da kai a shinge, "wallahi saya na yi" ba za ta fitar da kai ba. Ka ɗauki hoton takardun a waya, ka bar kwafi a gida.

Hular kwano, na san za ku yi dariya. Tun ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, har aka riƙa ba da labarin masu kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Mun mayar da abin wasa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari. Ka tambayi kanka, in kanka ya bugi kwalta a Sheme, awa nawa kafin ka isa inda za a iya duba ƙwaƙwalwa? Wasu sun ce mani suna tsoron rufe fuska a yankin nan, kada a ɗauke su wasu. Wannan magana ce mai ma'ana, ban raina ta ba. Ni mai buɗaɗɗiyar fuska nake sawa, in na doso shinge ko bakin gari in rage gudu in ɗaga gilashin tun daga nesa. Ba ta kai mai rufe haɓa kariya ba, amma ta fi hular zanna. A ɗaure igiyar, in ba haka ba ita za ta riga ka sauka. Silifas kuma ba takalmin tuƙi ba ne, ku tambayi duk wanda ya taɓa sa ƙafa a ƙasa yana gudu.

Saura ku ƙannena masu fasa salansa. Ku kuna jin daɗin ƙarar, musamman ranar ɗaurin aure, a ja totur a saki ya riƙa harbi tau-tau. Na taɓa ganin abin da wannan ƙarar ta yi a wata unguwa bayan isha'i: mata sun kwashi yara sun yi bayan gari, wata tsohuwa ta faɗi ta gurɗe ƙafa, ashe angwaye ne ke dawowa. Mutanen da suka ga abin da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020, da abin da ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka sha, ba su da sauran zuciyar da za a yi wasa da ita. Ga shi kuma fasasshen salansa na ɓata daidaiton iska da mai, injin ya riƙa zafi. Shugabannin 'yan acaɓa da na matasa, wannan ba sai mun jira gwamnati ba, a tasha za a iya hana shi.

Baba ya yarda ranar Juma'a da hantsi, kafin masallaci, duk matashin da ya zo da mashin ɗinsa zai nuna masa yadda ake kwance fulogi, da wanke soso, da ɗaure cen, kyauta. Sharaɗinsa ɗaya, kowa ya zo da sifanarsa, don ya ce tasa ba ta dawowa in ta fita. Wanda ke so ya yi mani magana ta akwatin saƙo in faɗa masa wurin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.