Cika zane da launi: abokin zaman mai doguwar jinya

Yau hirarmu ta shafi ƴan uwanmu masu doguwar jinya: masu tarin fuka, da masu ciwon sukari, da masu hawan jini, da masu amosanin jini wanda wasu ke kira emasi.

Duk wanda ya taɓa jinya ya san ba zafin ciwo kaɗai ke cin mutum ba. Akwai tsawon wuni. Da hantsi gida ya watse, wasu sun tafi gona, wasu kasuwa, yara suna lakwal, ga mai ciwo shi kaɗai bisa tabarma. Nan tunani ke samun ƙofa: kuɗin magani, da bashin da anka ci, da ko za a tashi. Barci ya ƙaura, abinci ya ƙi ciyuwa. Wani ma har ya fid da rai, ya bar shan magani. Ku tuna, maganin tarin fuka galibi wata 6 ake shan shi, kullum ba fashi. Wanda ya bari a tsakiya, cutar na iya dawowa ta ƙi jin magani.

To, mi mutum zai yi da wannan dogon wuni? Ga wata dabara mai araha: a samu takarda mai zane, a bi zanen ana cika shi da launi, gida-gida, har a gama.

Na san wani zai yi dariya ya ce wasan yara ne. Ku saurara. A shekarar 1938 tarin fuka ya kwantar da wani mai zane na ƙasar Ingila, sunanshi Adrian Hill. A zamanin babu maganin cutar irin na yau, sai hutu da iska da abinci mai kyau. Yana kwance ya shiga zana abubuwan da ke kusa da gadonshi, ya ga hankalinshi ya kwanta. Daga baya ya riƙa koya ma sauran majinyata. A 1945 ya fid da littafi bisa wannan al'amari.

Amma ba kowa ya iya zane ba, kuma farar takarda tsoro take ba mutum. A 2005 wasu masu bincike na Amurka sunka gwada ɗalibai 84. Sunka sa su tuna abin da ya taɓa tsorata su, sannan sunka raba su uku. Kashi biyu anka ba su zane shiryayye su cika, kashi ɗaya farar takarda. Bayan minti 20, masu zane shiryayye sun fi samun sauƙin damuwa. Ɗalibai ne masu lafiya, saboda haka kar mu ɗora ma binciken kayan da ya fi ƙarfinshi. Amma hankali zai kama dalilin: ido na bin layi, hannu na tafiya sannu, zuciya ba ta da sukunin yawo. Manya na wasu ƙasashe sun riƙe abin ƙwarai. Littafin zanen lambu da wata mata ta ƙasar Sikotilan, Johanna Basford, ta fitar a 2013 an sayar da shi miliyoyi.

Mu kam ba sai mun nemi littafin waje ba. Ku dubi zayyanar allon mahaddata, da adon gidajen Birni a Damagaram, da dagi, da zanen ƙwarya, da saƙar tabarma. Duka gida-gida ne masu jiran launi.

Ga yadda ake yi. A samu kaye da fensirori masu launi, ko huɗu sun isa: ja, da shuɗi, da tsanwa, da ɗorawa. A kifa kofi bisa takarda a zagaye bakinshi, a sake zagayawa har da'irori su shiga juna. Ko ɗan lakwal ya ja layuka kamar na dara. Ko malamin yaƙi da jahilci ya rubuta sunan mai ciwo da manyan baƙaƙe masu fili a ciki. Wannan riba biyu ce: ana hutar da rai, hannu kuma na sabawa da riƙon alƙalami.

A zauna inda akwai haske da iska, a jingina baya. Minti 15 ko 20 sun isa. In yatsu na ciwo, a naɗe fensirin da tsumma ya yi kauri. In an gaji a aje, babu mai ba da sakamako. Mai ciwon sukari da ya ga layukan na yi mishi hazo, ya gaya ma likita, don ciwon na taɓa ido.

Amma ku ji da kyau: launi ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya sauke sukari. Magani na nan a matsayinshi, ranar komawa gidan likita na nan. Dabara ma ita ce a haɗa su: a sha magani, sannan a buɗe kaye, a cika gida ɗaya na wannan rana. Ranar da anka yi fashi, gurbin zai nuna.

Ku kuma mutanen gida, in kunka iske Baba ko Inna da fensir a hannu, kar ku yi musu ba'a. Ku zauna, ku tambayi wane launi ke biye.

Ƙungiyoyin masu saurare, ku tattauna wannan: a garinku, wa ke wuni da mai jinya in kowa ya fita? Ku aiko muna da amsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.